Kwamfuta mai araha ko mai tsada: wacce ce ba za ta bar ka a hanya ba?

Daga Ushafa nake rubuto muku, garin tukwanen nan na kusa da Bwari wanda Bill Clinton ya ziyarta a shekarar 2000.

Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, iyaye da yawa suka shiga neman laftof saboda yara su saba. Wasu kuma harkar kasuwa ce ta sa, ko shagon buga takardu. Ga shi kaya sun yi tashin gwauron zabi tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen Naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 cikin 2024. Wanda ya yi kuskure a saye ɗaya yanzu, sai ya daɗe bai farfaɗo ba. Ni na yi wannan kuskuren, shi ya sa na ga ya dace in yi bayani.

Yadda ta kasance da ni

Babanmu fataken shanu ne, yana saye a Dei-Dei da kasuwannin Arewa, a yi lodi zuwa Oko-Oba a Agege. Ni ne mai riƙe masa lissafi. Na matsa masa lamba cewa zamanin littafi ya wuce, ya ba ni kuɗi kusan na ɗan maraƙi, na shiga gari. A wani shago aka ajiye min guda biyu, kuɗinsu kusan ɗaya: sabuwa fil a kwali, siririya mai sheƙi, da wata baƙa 'yar kwatano mai ɗan karce a murfi. Ido ya ruɗe ni, na ɗauki sabuwar.

Wata takwas ta yi. Ran nan aka dawo da wuta da dare tana jone, da safe ta ƙi tashi. Na koma shagon, mutumin ya ce garantinsu na wata ɗaya ne. Da aka duba na kamfani, ashe kayan na kasuwar wata ƙasa ne, bai shafe mu ba. Mai gyara ya buɗe ta ya ce ma'ajiyarta a like take da bod ɗin, ba irin wadda ake cirowa a sa a wata na'ura ba ce. Lissafin bashin mahauta na wata biyar yana ciki. Allah ya taimaka Baba bai yar da tsohon littafinsa ba, amma wallahi akwai kuɗin da har yau ba mu daidaita ba. Abin da ya ce min kawai shi ne: "Kai da aka haifa a kara, ka sayi sa ba ka duba haƙora ba?"

Kashi uku ne a kasuwa

Mutane suna ɗauka zaɓi biyu ne, mai araha da mai tsada. A Computer Village na Ikeja, ko Banex a Wuse, ko Beirut Road a Kano, kashi uku za ka tarar.

Na farko, sabuwa mai araha. Yawanci tana zuwa da ƙaramin furosesa irin Celeron, da RAM 4GB, wasu kuma da ma'ajiyar eMMC mai 32GB ko 64GB. An yi ta ne don aikin gida mara nauyi.

Na biyu, sabuwa mai tsada. Nan ma gida biyu ne. Akwai wadda kuɗinta ya tafi a ƙyale-ƙyale, siranta da kyan sikirin. Akwai kuma wadda aka ƙera don ma'aikatu, irin su Lenovo ThinkPad, Dell Latitude da HP EliteBook.

Na uku, 'yar kwatano. Galibinsu waɗancan na ma'aikatu ne da kamfanoni a Amurka da Turai suka yi shekara uku ko huɗu suna aiki da su, suka canza sababbi, aka kwaso tsofaffin aka kawo mana.

Ina bambancin yake?

Kamfani ɗaya ne fa yake yin mai araha da mai tsada, wani lokacin ma furosesansu iri ɗaya ne. Bambancin yana wuraren da mai saye ba ya kallo. Don a karya farashi, ana rage ƙarfin jiki: roba mara kauri, hinjin murfi da aka ɗaure a kan roba, ƙaramar fanka. Shi ya sa za ka ga bayan shekara ɗaya ko biyu gefen murfin ya fara tsagewa. Na ma'aikatu kuwa, mai sayensu kamfani ne da zai ɗauki ɗaruruwa a lokaci guda, in sun riƙa lalacewa ba zai dawo ba. Don haka ake ƙarfafa jikinsu, a kuma yi su yadda za a iya kwance su a canza batir, kibod, RAM ko ma'ajiya cikin sauƙi.

Wannan maganar gyaran ita ce babba a wurinmu. Da yake an shigo da irinsu da yawa Najeriya, kayan gyaransu suna ko'ina, masu gyara kuma sun san su kamar yunwar cikinsu.

Amma kada a ce duk mai tsada ita ce mai sauƙin sha'ani. MacBook na Apple suna da inganci, sai dai na 'yan shekarun nan RAM da ma'ajiyarsu a like suke, kayan gyaransu kuma da tsada. Haka wasu siraran masu tsada na sauran kamfanoni. In kana garin da babu ƙwararren mai gyaransu, ranar da ta tsaya ka shiga uku.

Garanti: wa zai tsaya maka?

Duk wanda ya san harkar shanu a Kudu ya san matsayin maigida. Bafatake ya kawo shanu daga Arewa, mahauci ya ɗauka bashi, bai san shi ba. Abin da ya sa yake iya barci shi ne akwai maigida da dillalinsa da suka tsaya a tsakani. Haka garanti yake. Darajarsa tana ga wanda ya tsaya a bayansa, da kuma ko za ka iya samunsa ranar da ka zo nema.

Garanti iri biyu ne. Na kamfani yawanci shekara ɗaya ne a sabuwar kwamfuta, na ma'aikatu kuma akan sayar da wasunsu da na shekara uku. Amma yana da sharuɗɗa. Ba ya ɗaukar faɗuwa, ko zubar ruwa, ko ƙonewar da wuta ta jawo. Sannan da yawa suna aiki ne a yankin da aka sayar da kayan kawai. Kafin ka biya, juya ƙasan kwamfutar ka ɗauki lambar siriyal, ka shiga shafin HP ko Dell ko Lenovo ta wayarka ka saka. Zai nuna maka samfurin da ranar da garantin zai ƙare. In aka ce sabuwa ce amma shafin ya nuna garantinta ya ƙare tuntuni, to mai yiwuwa gyararriya ce aka mayar kwali.

Na biyu shi ne na mai shago, na sati biyu ko wata ɗaya ko uku. A 'yar kwatano shi kaɗai gare ka. Kada ka yarda da na baki. A rubuta a rasit: samfuri, lambar siriyal, kwanan wata, tsawon garantin da abin da ya ƙunsa. Akwai dokar kare masu saye da aka sa wa hannu a 2019, wadda ta kafa hukumar FCCPC, kuma rubutun nan na "ba a dawo da kaya" ba ya soke haƙƙinka in an sayar maka da abu mai aibi. Sai dai ba rasit, ba ka da abin nunawa.

Duba haƙoran 'yar kwatano

Shekarun sa a baki ake gani, na kwamfuta kuma a lambar furosesa. In ka ga i5-6300U, lambar farko bayan layin ita ce zubin: na 6 ke nan. In i5-8350U ce, zubi na 8. Wannan yana da muhimmanci don Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida daga zubi na 8 zuwa sama take karɓa a na Intel. EliteBook 840 G3 da ta cika kasuwa zubi na 6 ce. Za ta yi aiki, amma kada a sayar maka da ita a farashin ta gaba.

Sai sauran: nemi RAM 8GB da ma'ajiyar SSD. Cire caja ka kunna bidiyo na rabin awa ka ga yadda batir ke sauka. Danna kowane harafi a kibod. Gwada kowace kafar USB, da kyamara, da sauti. Buɗe farin shafi ka duba ko akwai tabo a sikirin. Ka sa a shiga BIOS a gabanka, in an kulle da kalmar sirri, bar ta komai araharta. In ba ka san waɗannan ba, tafi da wanda ya sani ka ba shi la'adarsa, ai ko a kara haka ake yi.

Abin da ke kashe su a nan

Mai araha da mai tsada duk abokan gabansu ɗaya ne: wuta, zafi da ƙura. Cire caja in an ɗauke wuta, kuma kada ka jona da zarar an tayar da janareta, bari ya daidaita. Guji jabun caja, ka duba ƙarfin da aka rubuta a jikin ta asali ka nemi daidai da shi. Kada a ɗora ta kan katifa ko darduma, ana toshe mata numfashi. Bayan hunturu a kai a share fanka. Abu mafi muhimmanci, duk lissafi ko takarda mai daraja a ajiye kwafinta a filashi ko a Google Drive. Da na yi haka, da asarata ta tsaya a kan ƙarfe kawai.

To wacce za a saya?

In yaro ne zai koyi rubutu da gwajin JAMB, ko lissafin shago, 'yar kwatano ta ma'aikatu daga zubi na 8, daga hannun mai shagon da aka sani kuma yake ba da rasit, ta fi sabuwa mai Celeron. In kana da hali kuma abincinka ya dogara a kanta, sayi sabuwa daga dilan da kamfani ya amince da shi, ka tabbatar garantin yana aiki a Najeriya, ka tambayi inda cibiyar gyaransu take kafin ka biya. Sabuwa mai araha ma ba haramun ba ce, amma ka tambaya ko ana iya canza ma'ajiyarta, kada kuma ka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta.

Hausawa sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida. Nagari a nan ita ce wadda in ta tsaya, akwai mai gyara ta a garinku, akwai kayanta a kasuwa, akwai kuma wanda za ka riƙe da rasit a hannu. Ni yanzu irin baƙar nan da na raina nake amfani da ita, Baba kuma har gobe yana rubuta nasa a littafi. Allah ya sa mu dace, ya ba da kasuwa mai albarka.