Abin da Ya Makantar da Bakwaini a Cikin Kwalba

A 1942 wani likitan ido a birnin Boston na Amurka, Theodore Terry, ya leƙa idon wani bakwaini ya tarar da farar yana a can ciki. Yaron ba ya gani. Cikin shekara goma yara irinsa suka kai dubbai, har da mawaƙi Stevie Wonder, wanda aka haifa a 1950 saura mako shida cikinsa ya isa haihuwa.

Abin ɗaure kai, cutar ta fi yawa a asibitocin da suka fi kayan aiki. Aka zargi hasken fitila, aka zargi ƙwayar cuta, aka zargi ƙarancin bitamin, amma haƙa ba ta cim ma ruwa ba.

Bakin zaren ya fito daga Melbourne ta Ostireliya a 1951. Likita Kate Campbell ta lura cewa jariran masu hali, waɗanda iyayensu ke iya biyan kuɗin iskar oksijin dare da rana, su suka fi makancewa. Maganar ta yi wa likitoci nauyi. Iskar da ke ceton rai ce za ta ci ido? Sai wani likita, Arnall Patz, a Washington ya raba bakwaini kashi biyu, wasu iska mai yawa, wasu gwargwadon buƙata, kuma cutar ta fi kama kashin farko. A Landan, wani likita, Norman Ashton, ya gwada da 'ya'yan kyanwa ya gano yadda abin yake. Jijiyoyin jinin bayan ido ba sa gama yaɗo sai ciki ya kusa cika. Iska mai yawa takan tsayar da su. Da an janye ta, sai sababbi su tsiro barkatai, su bar tabo, tabon ya ɓamɓare shimfiɗar da ke karɓar haske.

Da aka rage iskar makanta ta ragu, amma mace-mace da lalurar ƙwaƙwalwa suka ƙaru. Ashe aunawa ake buƙata, daidai wa daida, kuma a nan ne asibitocinmu da yawa ke da giɓi har yau.

Haɗarin ya fi ga wanda ya zo da wuri sosai, ko nauyinsa bai kai kilo ɗaya da rabi ba, ko cuta ta shiga jininsa, ko aka yi ta ƙara masa jini, ko ya ƙi yin kumari. Da farko ido ba ya nuna komai daga waje, alhali lokacin ne magani da hasken leza ko allura ke aiki. Iyaye, idan ɗanku ya kwanta a kwalba, ku nemi likitan ido ya duba shi wajen mako huɗu da haihuwa, ko da an sallame ku.