Yaya Mai Jiki? To, Yaya Mai Jinya?

Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya a ƙasar Hausa ya san yadda ake yi. Ka yi sallama, a shimfiɗa maka tabarma, ka ce "yaya mai jiki?" a ce maka "da sauƙi," ka yi addu'a, ka ajiye ɗan abin da ka riƙo, ka tashi. Wannan tsari ya dace da zazzaɓi ko karaya ko jego, wato lalurar da ke da ranar farawa da ranar ƙarewa. Amma akwai jinyar da ta fi ƙarfinsa: jinyar tsohon da ya ruɗe, abin da muke kira gigin tsufa, 'yan jarida kuma ke kira cutar mantuwa. A irin wannan gida, dattijuwar da aka zo dubawa tana iya amsa gaisuwa daram, har ta sa wa baƙo albarka. Baƙo ya fita yana cewa "ai Hajiya garau take." Wadda ta raka shi ƙofa kuwa, wata uku ke nan ba ta yi barcin awa huɗu a jere ba, kuma babu wanda ya tambaye ta.

Cuta ce, kuma tana da suna

A shekarar 1901 aka kawo wata mata 'yar shekara 51, Auguste Deter, asibitin masu taɓin hankali na birnin Frankfurt a Jamus. Tana mantuwa, tana ɓoye kaya, tana zargin mijinta da bin wata. Mijin, ma'aikacin jirgin ƙasa, shi ya kawo ta bayan abin ya gagare shi a gida. Da ta rasu a 1906, likitanta Alois Alzheimer ya duba ƙwaƙwalwarta ya ga ta motse, ga wasu dunƙule-dunƙule da zare-zare sun cika ta. Sunansa cutar ta ɗauka. Tarihi ya riƙe sunan likita da na majinyaciya, ba a cika tuna mijin ba, kuma haka abin yake har yau.

Cutar Alzheimer ita ce kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu wannan lalura. Akwai kuma wadda toshewar jijiyoyin jini ke jawowa, musamman bayan shanyewar ɓarin jiki, abin da ya kamata ya dame mu ganin yadda hawan jini da ciwon suga suka yi katutu a cikinmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum fiye da miliyan 55 ne ke ɗauke da cutar mantuwa, kusan miliyan 10 na ƙaruwa duk shekara, kuma sama da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Binciken da aka faro a 1992 tsakanin Ibadan da Indianapolis ta Amurka, wanda su Farfesa Adesola Ogunniyi suka yi aiki a cikinsa, ya gano cutar ta fi ƙaranci a tsakanin Yarabawan Ibadan fiye da baƙaƙen fatar Amurka. Ta fi ƙaranci, amma tana nan. Ƙungiyar da ke fafutuka kan cutar a duniya ta ƙiyasta masu ita a Afirka kudu da Sahara sun haura miliyan 2 a 2015, kuma za su haura miliyan 7 nan da 2050.

Lissafin da ya fi shafar wannan maƙala shi ne na wahala. A 2019 cutar ta ci wa duniya dala tiriliyan 1.3, kuma kusan rabin wannan adadi ƙimar aikin 'yan'uwa ne da ba a biyansu ko sisi. Kashi 70 cikin ɗari na sa'o'in jinyar mata ne ke yin su. A gidajenmu mun san su: matar tsohon, wadda ita ma ta manyanta, 'yar da aurenta ya mutu ta dawo gida, matar ɗa, wadda kunya ta hana ta ko haɗa ido da surukarta a da, yau ita ke mata wanka, ko jikar da aka ciro daga makaranta don ta "taya Kaka zama."

Yadda ake magana da wanda ya ruɗe

Mafi yawan faɗan da ake yi a ɗakin jinya daga gardama yake tasowa. Inna ta ce ba a ba ta abinci ba, ga kwano a gabanta. Baba ya ce an sace masa carbi da kuɗin fansho. Mai jinya, da gaskiyarta, sai ta hau kare kanta: "Haba Inna, yanzun nan fa kika ci!" Ita kuwa Inna ba ƙarya take yi ba. Sashen ƙwaƙwalwar da ke adana sabon abu shi cutar Alzheimer ke fara ci, don haka cin abincin bai taɓa zama a kanta ba. Idan aka ƙaryata ta, za ta manta abin da aka yi gardama a kai, amma ɓacin ran zai wuni tare da ita.

Masanin nan na Jami'ar Bradford ta Ingila, Tom Kitwood, ya shafe shekaru yana nuna cewa wani ɓangare na lalacewar mai wannan cuta daga mu'amalar mutane yake zuwa: a yi maganarsa a gabansa kamar ba ya nan, a yi masa tsawa, a mai da shi yaro. Mu ma muna cewa tsoho ya koma yaro, amma fa yaro bai taɓa riƙe gida ba, bai aurar da 'ya'ya ba. Malam har yanzu Malam ne, kuma yana jin raini ko da ya manta sunan mai rainin.

Dabarun da masu jinya suka gwada suka ga amfaninsu ba su da tsada. Ki zo wa majinyaciyar ta gaba, ki durƙusa yadda idonki zai daidaita da nata, ki faɗi sunanki maimakon ki ce "kin gane ni?" Wannan tambaya jarrabawa ce, kuma faɗuwa jarrabawa a gaban jika abin kunya ne. A kashe rediyo kafin a fara magana. A yi jimla ɗaya, a jira. Maimakon "me za ki ci?" a ce "koko ko shayi?" a kuma nuna mata. In ta ce an yi mata sata, a ce "bari mu duba tare," a kuma san maɓoyarta, domin yawanci ƙarƙashin katifa ne ko cikin kwalla. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma a nan karin maganar ta zama magani, domin mai wannan cuta kan daɗe yana karanta fuska da sautin murya bayan kalmomi sun kuɓuce masa.

Tambaya mafi wuya ita ce ta mamaci. Hajiya ta ce, "Malam bai dawo daga kasuwa ba?" alhali shekara goma sha biyar da rasuwarsa. In an ce ya rasu, sai ta yi kukan sabuwar mutuwa, gobe ma haka. In an ce yana hanya, mai jinya ta ji ta yi wa uwa ƙarya. Akwai hanya tsakani: "Kina kewarsa, ko Hajiya? Wai a wace kasuwa ma ya fara sayar da goro?" Sau da yawa kewar ce ke neman mafita, kuma tsohon labari yana nan a kanta daram. Shi ya sa za ka ga wadda ta manta sunan autanta tana biye wa mai karatu izu guda ba gargada, ko tana gyaɗa kai in ta ji kalangun Shata. A yi amfani da wannan ƙofa. A ba ta tsintar wake ko ninke tufafi. In ta ce ba ta yi La'asar ba, a shimfiɗa mata darduma ta sake. Malamai sun daɗe da bayyana cewa wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami.

Akwai abu biyu da rashin sani ya sa muke fassarawa da wani abu daban. Na farko, ruɗewar da ke tsananta da almuru, har tsoho ya ɗaure kaya ya ce zai tafi gida alhali yana cikin gidansa. Mu mun san Magariba da lokacin iskokai, likitoci kuma sun san ta da lokacin da gajiya da dushewar haske ke ƙara rikita mai cutar. Kunna fitila da wuri da rage hayaniya kan taimaka. Na biyu, fita yawo. Tsoho ya ɓace, a kai cigiya gidan rediyo, sai a fara raɗe-raɗin an yi masa kurciya, a nuna kishiya ko matar ɗa. Wata tsohuwar kuma, in an tsince ta a wata unguwa tana sambatu, sai a ce mayya ce. A ɗinka takarda mai lambar waya a rigar tsohon, a kuma gaya wa mai shayi da mai kanti da limamin unguwa halin da ake ciki. Ɓoye ciwon shi ke sa a rasa masu tarowa.

Abin da ya kamata likita ya ji

Ba kowace ruɗewa ce gigin tsufa ba. In tsoho ya rikice farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, a hanzarta kai shi asibiti, domin ciwon mafitsara, zazzaɓi, ƙarancin ruwa a jiki ko wani maganin da yake sha na iya jawo haka, kuma ana warkewa. Ciwon damuwa, matsalar maƙoƙo da raunin ji ma kan yi kama da gigin tsufa. Ita kanta cutar ba ta da maganin warkewa zuwa yanzu. Ƙwayoyi irin su donepezil sassauci kawai suke kawowa na wani lokaci. A guji zuwa kemis a sayo maganin barci don a huta, domin wasu magungunan kwantar da hankali na ƙara haɗarin faɗuwa da shanyewar ɓarin jiki, har da mutuwa, ga tsofaffi masu wannan cuta.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano, ga asibitocin koyarwa. Amma wanda ke shiga ɗakin likita yawanci babban ɗa ne mai mota, wanda ke leƙowa ranar Juma'a. Wadda ta san sau nawa aka tashi cikin dare tana gida. A tafi da ita, a bar ta ta yi magana, ta kuma riƙa rubuta abin da take gani a ɗan littafi.

Tallafin da aka gwada

A Jami'ar New York, Mary Mittelman ta bi ma'aurata 406 da ke jinyar abokan zamansu. Aka ba rabinsu zama shida na shawara, huɗu daga ciki tare da sauran dangi, da damar buga waya duk lokacin da abu ya cuɗe. Sakamakon da aka fitar a 2006 ya nuna waɗannan sun iya riƙe majinyatansu a gida kimanin shekara ɗaya da rabi fiye da sauran, damuwarsu kuma ta ragu. A Landan, ayarin Gill Livingston ya gwada zama takwas da masu jinya 260, kuma masu koyarwar ba likitoci ba ne, matasa ne masu digirin farko da aka horar. Nan ma damuwa da fargaba suka ragu. Kan irin wannan ilimi Hukumar Lafiya ta Duniya ta gina littafinta na koyar da masu jinya mai suna iSupport, wanda ake samu kyauta a intanet. A Holan, tun 1997 Bère Miesen ya fara tara iyalai a birnin Leiden su sha shayi su faɗi abin da ke ransu, kuma ƙasashe da dama sun kwaikwaya. Japan kuwa a 2004 sunan cutar ta canza baki ɗaya, domin tsohon sunan na ɗauke da ma'anar wauta.

A lura, babu na'ura ko ƙwaya a cikin duk waɗannan. Zama ne da magana. Mu da muke da taron dangi, da adashe, da Islamiyyar matan aure, da zauren WhatsApp na kowace zuri'a, ba mu da uzuri. Abin da ya rage shi ne taron ya fitar da rabon aiki a fili: wa zai kwana ranar Talata, wa ke sayen kunzugun manya, wa ke riƙe da katin banki kuma wa yake yi wa bayani. Batun gona da gida da bashi a yi shi tun tsoho na iya faɗin ra'ayinsa, a gaban shaidu. Wanda ke Abuja ko Jidda, kuɗin da yake turowa sun taimaka, amma ba su ba shi izinin bugo waya yana tuhumar wadda ke wanke zannuwa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Hukuma ma da nata. Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023, ta maye gurbin ta 1958, akwai kuma cibiyar kula da dattawa ta ƙasa. Abin da zai isa ƙauye shi ne a horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci, a fassara littafin masu jinya zuwa Hausa, a karanta shi a rediyo, ba sai ranar 21 ga Satumba da duniya ke tunawa da cutar ba.

Sai maganar da ba a so a yi. An raine mu da ayoyin Suratul Isra'i kan kyautata wa iyaye idan sun tsufa, kuma Suratun Nahli ta ambaci shekarun da mutum ke komawa bai san abin da ya sani ba. Saboda haka 'yar da ta yi wa uwarta tsawa da ƙarfe ukun dare takan kwana tana ganin ta halaka, ba ta da wanda za ta gaya wa. In ta ce ta gaji, a ce "ki yi haƙuri, Aljanna kike nema." Gaskiya ne, amma ayar ba ita kaɗai aka saukar wa ba. Masaniyar nan Pauline Boss ta bayyana irin wannan baƙin ciki na rasa mutum alhali yana zaune a gabanka, rashin da ba a zaman makoki a kansa, ba a zuwa ta'aziyya.

Don haka in ka je dubiya gidan da tsoho ya ruɗe, bayan "yaya mai jiki?" ka waiwayi wadda ta shimfiɗa maka tabarma. Kada ka ce mata "in da abin da kike buƙata ki faɗa," domin kunya ba za ta bar ta ba. Ka ce, "Yaya, ranar Asabar daga Azahar zuwa Isha ni zan zauna da Baba." Ranar Asabar ɗin kuma ka zo.