Hutun Hunturu: Uwargida, Kai Yara Su Ga Tarihinsu

A ƙasashen Turai da Amurka, da zarar sanyi ya kankama sai ka ga iyalai sun ɗaure kaya sun nufi kudu inda ake da ɗumi, su kafa tanti su yi kwanaki suna buɗe ido. Mu nan Allah Ya hutar da mu wannan wahala. Watan Disamba shi ne lokacin da rana ke sassautawa, an gama girbin masara da dawa a Funtua da Malumfashi, maigida ya sayar da auduga, yara kuma suna hutu. Sai dai da yawa daga 'ya'yanmu sun san Makka da Dubai a talabijin, amma ba su taɓa taka Daura ba.

Tafiyar ba mai nisa ba ce. In an tashi daga Funtua da hantsi, a bi ta Bakori da Malumfashi zuwa Yashe, kafin azahar an shiga birnin Katsina. A fara da hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa da ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau. Daga nan a wuce tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Yanzu gidan adana kayan tarihi ce. Yaron da ya ga irin ajin da manyan nan suka zauna, zai daina raina makarantarsu.

Washegari sai Daura, a ga rijiyar Kusugu, inda labari ya ce Bayajidda ya kashe macijiyar da ke hana mutane ɗiban ruwa, har ya auri Daurama. Masu dangi a Maraɗi kuwa, a nuna wa yara cewa iyaka ba ta raba jini ba: sarakunan Katsina da suka bar birni bayan jihadi su ne suka kafa sarautar can, shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi.

To amma 'yar'uwa, zamani ya sauya. Iyayenmu sun kwana a bukkar gona lokacin girbi ba fargaba. Yau ba haka abin yake ba. Ba mu manta da ɗalibai sama da 300 da aka sace a Ƙanƙara a Disambar 2020 ba. Saboda haka babu batun kwana a fili ko a bakin dam. A yi tafiya da rana, a bi babbar hanya, a tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki, a kuma sauka gidan 'yan'uwa kafin magariba. Ga zumunci, ga kwanciyar hankali. In za a tsallaka iyaka, maigida ya fara bincika takardun da ake nema, domin an rufe ta a 2023 kafin a buɗe a 2024, kuma Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025.

Sauran aikin naki ne. Ki tanadi rigunan sanyi da hula da safa, domin sanyin asuba a arewacin jihar ba ya wasa da ƙananan yara. Kada ki manta da man kaɗanya saboda kaushi da tsagewar leɓe. Guzuri kuwa, dambun nama da cincin da dubulan ba sa lalacewa, a haɗa da ruwan sha daga gida. Komai sanyi, kada a kwana da garwashi a ɗakin da aka rufe ruf.

Idan an dawo, ki sa kowane yaro ya ba kakarsa labarin abin da ya gani. A nan za ki gane kuɗin motar bai tafi a banza ba. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu.