Ostrakod, ƙaramar halittar da ke riƙe da tarihin ruwan ƙasarmu

A tsakiyar bazara, idan tabki ya ƙafe har laka ta tsattsage, mai wucewa zai ce babu sauran rai a wurin. Amma da zai ɗebi wannan busasshiyar laka ya zuba a kwalba, ya ƙara ruwa, sau da yawa bayan ƴan kwanaki zai ga wasu ƴan ƙwayoyi suna kai da kawowa a ciki. Masana na kiran su ostrakod, daga kalmar Girkanci mai nufin ɓawo ko tsingaro.

Halittar dangin ƙaguwa ce da jatan lande. Yawancinta ba ta wuce milimeta 1 ko 2 ba, wato ba ta kai ƙwayar gero ba, ko da yake a ƙarƙashin teku akwai wadda ke kai santimeta 3. Jikinta duka yana ɓoye tsakanin ɓawo biyu kamar na makankari. Ƙafafu da gashin kai kaɗai take zurowa waje don iyo da neman abinci, in ta ji motsi ta rufe ruf. Ɓawon ba ya girma tare da ita, saboda haka takan tuɓe shi ta yi sabo, galibi sau 8, kafin ta balaga. An san kala wajen 13.000 masu rai, kusan 2.000 daga ciki a ruwan daɗi. Wasu ma babu namiji a cikinsu sam, mata ne ke haifar mata.

Asirin na tabki yana cikin ƙwai. Uwaye na mutuwa da ƙafewar ruwa, ƙwai kuwa na jure rana da fari har shekaru, iska da ƙafafun tsuntsaye na kai shi wani tabkin. A ƙarshen ƙarni na 19, masanin Norwe G. O. Sars yakan sa a aiko masa da busasshiyar laka daga Ostareliya da Afirka ta Kudu, ya jiƙa ta a ɗakin aikinsa, ya ƙyanƙyashe halittun da bai taɓa zuwa ƙasarsu ba.

Ga Nijar, ɓawon ya fi ƙwan daraja. Da farar ƙasa aka gina shi, ba ya ruɓewa, shi ya sa ake samun sa a duwatsun da suka haura shekara miliyan 450. Kowace kala kuma da ruwan da take so: wata sai teku, wata ruwan daɗi, wata ruwan kanwa. Ke nan wanda ya gane kalar ya san irin ruwan da ya taɓa kwanciya a wurin. Ostrakod na teku da aka tono a duwatsun Adar da na Sakkwato suna cikin shaidun cewa kimanin shekara miliyan 60 da suka shige teku ta malale yankin. Irin dutsen da ta bari ne ake yin siminti da shi a Malbaza. Masu neman man fetur ma suna duba waɗannan ɓawo don sanin shekarun ƙasar da suke haƙawa.

Haka nan a Tenere da ƙasar Manga, ƙarƙashin rairayi, akwai lakar tabkunan da suka cika tsakanin shekara 10.000 da 5.000 da suka wuce. A kwarin Kajemarum, a Mangan Najeriya daf da iyakarmu, an auna ma'adinan da ke cikin ɓawon ostrakod daki-daki, aka gano lokutan da ruwa ya yi daɗi da lokutan da ya koma gishiri a tsawon shekara 5.500. Littafin ma'aunin ruwan sama na Yamai, wanda aka fara a farkon ƙarni na 20, jariri ne a gaban wannan. Duk mai son sanin ko farin 1973 da na 1984 baƙi ne a ƙasar nan ko tsofaffin ƴan gida, a cikin wannan laka zai fara bincike.