Solar da Ba Ta Cajin Waya, Ruwa Take Dafawa

Da an ce sola, faranti da batir da inbata ne ke faɗo mana a rai. Amma akwai wata da ba ruwanta da lantarki: zafin rana take kamawa ta ɗumama ruwa.

A rufin gidajen Antalya ta Turkiyya, ko a garuruwan Sin, wadda ta fi kowace ƙasa yawan irinta, za ka ga tanki a kwance, a ƙasansa baƙin faranti ko jerin bututun gilashi. Rana ta daki bututun, ruwan ya yi zafi ya hau tanki da kansa, mai sanyi ya gangaro. Ba injin turo ruwa, ba batir. Tankin a lulluɓe yake, don haka zafin kan kai dare.

Farantin lantarki kusan kashi 20 cikin 100 na hasken rana yake mayarwa wuta. Wannan kuwa takan kama fiye da rabi.

Mai jona hita a inbata lokacin hunturu, batirinsa yake kashewa. Sai dai hazo na rage mata ƙarfi, kuma dole a riƙa goge ƙurar gilashin.