Idon Ɗan'adam da Zaɓen Na'urar Sarrafa Hoton Majigi

Mai son inganta majigin gidansa yakan ji ana ambaton na'urar sarrafa hoto, wadda ake jonawa tsakanin abin kunna fim da majigin, irin su Lumagen Radiance Pro da madVR Envy. Kafin mai karatu ya zuba kuɗinsa, ya kamata ya san iyakar ganinsa.

Lafiyayyen ido yakan bambance ɗigo biyu ne idan tazararsu ta kai kashi ɗaya cikin 60 na digiri. Don haka wanda ya zauna nesa da ƙaramin allo ba zai ci moriyar 4K ba, komai tsadar na'urar.

Inda ido ba ya yafiya shi ne haske da motsi. Akan shirya finafinan HDR bisa hasken nit 1000 ko fiye, alhali galibin majigin gida bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan ba. Na'urar ƙwarai takan daidaita hasken hoto bayan hoto, don kada duhu ya haɗiye fuskoki. Haka nan, hoto 24 ake ɗauka a daƙiƙa; in aka cusa su cikin 60, sai motsi ya riƙa ɗingishi. A ganina waɗannan biyun za a gwada, cikin ɗaki mai duhu, bayan ido ya yi kamar minti 20 yana sabawa.