Kiwon kaji a gida: a fara da akurki kafin a sayo kaji

A Maradi da Damagaram, matasa da dama na soma kiwon kaji da kuɗin da ƴan uwa ke aikowa daga waje. Sai dai mummunan akurki na iya cinye jarin.

A watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40, kaza kuwa ba ta yin gumi, don haka rufin kwano a tsakar rana na iya kashe ta. Akurkin laka ya fi sanyi, amma ƙuma na ɓuya a tsagarsa, sai ana yaɓe shi a kai a kai. A sa raga iska ta ratsa, muzuru kuma ya rasa hanya. Kada kaji su wuce 4 a murabba'in mita ɗaya, domin cunkoso na yaɗa cuta.

Kafin hunturu, a yi musu rigakafin cutar Newcastle.